Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Kunne da Jiri?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Lokaci ya matse mu yau, don haka za mu shiga wasiƙu kai tsaye, ga kuma likitan kunne tare da mu.

Wani malami daga Wamakko yana tambaya ko akwai illa a sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza. Akwai, Malam, kuma don Allah ka daina, domin kunne yana fitar da dattinsa da kansa, tsinke kuwa ƙara tura shi ciki yake yi, wani lokaci har ya huda dodon kunne.

Sai wata Hajiya daga Mabera, wadda tambayarta ta yi daidai da ta mutane da yawa. Ta ce duk sanda ta juya a kan gado ko ta ɗago daga sujada, sai ɗaki ya riƙa juyawa da ita na ɗan lokaci, alhali an auna jininta an ce lafiya lau, wasu kuma suna ce mata iska ce. Bismillah, Likita.

"Hajiya, ranki ya daɗe, kunne ba ji kaɗai yake yi ba. Can ciki, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa 3, akwai bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa. Idan kai ya motsa ruwan yakan motsa, ta haka ƙwaƙwalwa take sanin inda aka juya. Kusa da su akwai 'yan ƙwayoyin kalsiyam kamar ɓarɓashin yashi, waɗanda idan suka ɓalle suka faɗa cikin bututun, sai kunne ya shaida wa ƙwaƙwalwa ana juyawa alhali ido yana ganin ana zaune."

Likita, Hajiya fa magani take jira.

"Galibi ba a buƙatar allura. Akwai dabarar Epley, wadda ake kwantar da mutum a juya kansa daki-daki har ƙwayoyin su koma mazauninsu."

Bari in maimaita, domin abin ya shafi iyayenmu da dama: jirin da yake zuwa da juya kai, ya lafa kafin minti 1, yawanci daga cikin kunne yake, kuma ana magance shi. Hajiya, a tafi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma idan jirin ya zo da nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki, a garzaya asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Mai injin niƙa daga Bodinga, ka ce kana jin ƙara a cikin kunnenka da dare. Wannan gargaɗi ne, domin ƙarar inji da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) tsawon awa 8 a kullum tana iya kashe ƙwayoyin ji na cikin kunne, kuma ba su sake tsirowa, don haka ka nemi abin toshe kunne. Tambayar kurumta bayan sanƙarau kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.