Amsoshin Tambayoyinku: Riƙon Maganin HIV

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wani bawan Allah take, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ya ce ya daɗe yana shan maganin HIV, ya murmure har ya yi jiki, kuma a gwajin ƙarshe an ce ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba. Ko zai iya ajiye maganin haka nan?

Malam, kada ka kuskura. Ƙwayar tana nan, laɓewa ta yi a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki inda magani ba ya iya tumɓuke ta. Ka daina yau, cikin 'yan makonni ta sake cika jini. Shan yau-a-sha-gobe-a-bari kuwa shi ke koya mata bijire wa maganin. Amma ga albishir: muddin gwaji na nuna ƙasa da ƙwaya 200 a mililita ɗaya na jininka, ba za ka sa wa iyalinka ita ta hanyar saduwa ba. Wannan kariyar a jikin maganin take rataye.

Sai wata baiwar Allah da ta ce babu wanda ya san halin da take ciki a gidansu. Kwalbar maganin a ƙasan akwatin kaya take ɓoye ta, ranar da aka yi baƙi ko aka zauna mata a ɗaki sai ta tsallake, daga baya kuma ta yi ta kuka ita kaɗai.

'Yar uwa, sannu. A ganina tsoron bakin mutane ya fi ɗacin magani raba masu wannan ciwo da shansa. Shi maganin ai ya yi sauƙi. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir, wanda ake haɗawa da tenofovir da lamivudine a ƙwaya ɗaya tak a rana, ba kamar a 1996 ba da ake haɗiyar cike da tafin hannu. Ki zaɓi lokacin da kika san ke kaɗai ce, ki sa ƙararrawar waya. In kin manta, ki sha da zarar kin tuna, sai in lokacin na gaba ya kusa, kada dai ki haɗa biyu. Sannan ki nemi mutum ɗaya, ɗaya kawai, mai riƙe amana, wanda zai iya karɓo miki magani ranar da kika kwanta. Masu ba da shawara a asibiti sun san yadda ake buɗe irin wannan magana, za su taya ki. Ki tambaya ko za a ba ki na wata uku ko shida a haɗe, zirga-zirgar ta ragu. Kukan nan ma ki faɗa wa likita, domin ciwon damuwa na sa mutum ya saki kansa, kuma yana da magani.

Wani kuma ya tambaya ko zai iya haɗa maganin HIV da maganin gyambon ciki da na ƙarin jini. Ɗan uwa, masu kashe zafin ciki irin na alli da ƙwayoyin ƙarin jini suna tare wa dolutegravir hanya a hanji, su hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ka sha na HIV awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. In an ɗora ka kan maganin tarin fuka mai rifampicin, lallai likitanka ya sani, don sai an ƙara maka yawan dolutegravir ɗin.