Lasisin Buɗaɗɗiyar Manhaja: Abin da Kantin Wayarku Ba Ya Nuna Muku

Masu kallo, assalamu alaikum. Ku ɗauki wayarku ku buɗe kantin da kuke sauke manhajoji, ko Google Play ne ko App Store na kamfanin Apple, ku zaɓi manhaja ɗaya ku duba shafinta da kyau. Za ku ga sunanta da hotunanta, da taurarin da jama'a suka ba ta, da nauyinta, da shekarun da suka dace a yi amfani da ita. Tun daga Disambar 2020 Apple ya ƙara wani sashe da ke bayyana irin bayanan da manhaja take kwasa daga wayar mutum, Google kuma ya bi sahu a 2022. Abin da za ku yi ta nema ku rasa gurbinsa shi ne sunan lasisin manhajar, wato takardar izinin da ke fayyace abin da aka yarda ku yi da ita bayan ta shiga hannunku. A App Store mai manhaja yana iya maƙala doguwar yarjejeniyarsa, amma a dukkan kantunan biyu babu maɓallin da mutum zai danna ya ce a nuna masa buɗaɗɗun manhajoji kaɗai.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fahimci abin da ake buɗewa ɗin. Kowace manhaja tana da tushe, wato rubutun umarnin da masu haɗa ta suka tsara layi bayan layi, kuma daga wannan rubutu ake sarrafa abin da wayarku take iya karantawa. Dokar haƙƙin mallaka tana kare wannan rubutu kamar yadda take kare littafi, kuma kariyar tana hawa kansa tun daga lokacin da aka rubuta shi, ko da mai shi bai nema ba. Saboda haka, idan mutum ya baje tushen manhajarsa a intanet bai haɗa shi da lasisi ba, ganin rubutun kawai aka ba ku, ba a ba ku izinin kwafa ko gyara ko rabawa ba. Lasisi ne yake buɗe ƙofar, kuma shi ne yake faɗin iyakar buɗewar.

A nan Hausa ta fi Turanci sa'a. Kalma ɗaya, wato free, Turawa suke amfani da ita wajen abin da ba a biya masa kuɗi da kuma abin da yake da 'yanci, shi ya sa suka shafe shekaru suna bayanin wacce suke nufi. Mu muna da kyauta, muna kuma da 'yanci, kuma ba mai haɗa su. WhatsApp kyauta ake sauke shi, amma tushensa a rufe yake, ba ku da ikon gyara shi ko raba gyararren. Krita kuwa, manhajar zane ta kwamfuta, ana sayar da ita a kantin Microsoft da kuma kantin wasannin kwamfuta na Steam, alhali tushenta a buɗe yake ga kowa kuma ana iya sauke ta kyauta a shafin masu ita. Kantin waya yana gaya muku farashi ne kawai, sai mutane da yawa suka ɗauka duk abin da ba a biya ba matsayinsa ɗaya.

Su kansu buɗaɗɗun lasisin ba iri ɗaya ba ne. Masanin kwamfuta Richard Stallman ya fara aikin GNU na gina tsarin kwamfuta mai 'yanci a 1983, ya kafa gidauniyar FSF mai kare 'yancin manhaja a 1985, sannan a 1989 aka fitar da lasisin GPL na farko, na biyu ya biyo baya a 1991, na uku a 2007. Sharaɗin GPL shi ne, an yarda ku yi amfani da manhaja, ku nazarci tushenta, ku gyara, ku raba, har ma ku sayar, amma duk wanda kuka miƙa wa gyararren aikin dole ku ba shi tushen tare da irin 'yancin da kuka samu. Lasisi irin su MIT da BSD da Apache sun fi sassauci, domin suna barin kamfani ya ɗauki aikin ya saka a cikin rufaffiyar manhajarsa, muddin ya bar sunan masu asalin aikin da sanarwar lasisin. Akwai kuma na tsaka-tsaki kamar MPL na Mozilla. Ga mai sauraron waƙa a waya wannan bambanci ba zai dame shi ba, amma ga matashin da yake son ya ɗauki wata manhajar koyon karatu ya fassara ta zuwa Hausa ya sake fitar da ita, wannan ne tambayar farko da ya wajaba ya san amsarta.

Mu zo gida mu ga yadda abin yake a aikace. Wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san cewa manhajoji da yawa ba ta kanti suke shiga wayoyin mutane ba. Mutum ya sayi sabuwar Tecno ko itel, sai ya miƙa wa mai tebur ya loda masa, ko kuma abokinsa ya tura masa ta Xender don a huta da sayen data. Buɗaɗɗen lasisi ya halatta irin wannan rabon, muddin an kiyaye sharuɗɗansa, yayin da yawancin yarjejeniyoyin rufaffun manhajoji suka hana shi. Mai lodawa bai san wacce ce wacce ba, kuma ba laifinsa ba ne, tunda kantin da ya sauko da su tun farko bai rarrabe masa ba.

Akwai wani amfani da ya fi wannan nauyi, shi ne abin da ke faruwa ranar da mai manhaja ya sauya ra'ayi. A ƙarshen 2023 aka sayar da jerin manhajojin Simple Mobile Tools, waɗanda suka haɗa da na duba hotuna da kalanda da ajiye lambobin waya, ga wani kamfani. Mutane sun zaɓe su ne saboda ba su da talla kuma ba sa bin diddigin kowa, don haka hankalin masu amfani da su ya tashi. Da yake tushensu yana ƙarƙashin GPL, wasu masu sa kai suka ɗauki rubutun suka ci gaba da aikin da sabon suna, Fossify. Da a rufe manhajojin suke, da babu abin da ya rage wa jama'a sai su haƙura ko su goge. Mai saukewa da ya ga alamar lasisi tun ranar farko ya san ko manhajar da zai damƙa wa hotunan iyalinsa tana da irin wannan mafita.

Ya kamata a faɗi cewa tsakanin manyan kantuna da GPL akwai tsohuwar tsama. A 2010 gidauniyar FSF ta yi ƙorafi cewa sharuɗɗan App Store sun ci karo da lasisin wasan GNU Go, domin GPL ta hana a ɗora wa mai karɓa ƙarin takunkumi, kantin kuwa yana iyakance yadda za a yi amfani da abin da aka sauke. Apple ya cire wasan. A Janairun 2011 haka ta faru da VLC, manhajar kallon bidiyo ta ƙungiyar VideoLAN da ke Faransa, bayan ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta, Rémi Denis-Courmont, ya shigar da ƙorafi. Sai a 2013 VLC ta dawo kantin, bayan an sake tsara lasisin nau'inta na iPhone aka haɗa da MPL. Microsoft ma a tsakiyar 2022 ya sanar da dokar da za ta hana sayar da buɗaɗɗun manhajoji a kantinsa, da nufin maganin masu kwafar aikin wasu su sa masa farashi, amma da aka nuna masa cewa dokar za ta toshe wa masu asalin aikin hanyar samun kuɗi, sai ya janye ta. A ganina wannan na ƙarshe ya nuna inda gizo yake saƙa: kantin da ba ya rubuta lasisi da adireshin tushe a gurbi na musamman yana shan wahala wajen bambance mai gona da ɓarawon hatsi.

Abin ba gagara ya yi ba, domin akwai waɗanda suka daɗe suna yi. F-Droid, kantin manhajojin Android da Ciaran Gultnieks ya kafa a 2010, yana rubuta lasisin kowace manhaja a shafinta tare da mahaɗin da zai kai ku ga tushenta, kuma yawancin manhajojin shi da kansa yake sarrafa su daga wannan tushe. Yana kuma liƙa gargaɗi idan manhaja tana da talla, ko tana bin diddigin mai amfani, ko ta dogara da wata hidimar intanet da take a rufe. A kwamfutoci masu aiki da buɗaɗɗen tsarin Linux, kantin Flathub yana buƙatar mai manhaja ya bayyana lasisinsa a cikin takardar bayanan da yake miƙawa, sai shafin ya nuna wa mai saukewa ko buɗaɗɗiya ce ko rufaffiya.

Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne wani tsari mai suna SPDX, wanda aka fara a ƙarƙashin gidauniyar Linux a 2010, ya kuma zama ma'aunin ƙasa da ƙasa na hukumar ISO a 2021. Tsarin ya ba kowane lasisi gajeren suna guda ɗaya da mutum da na'ura za su karanta su fahimci abu ɗaya. Kamar yadda kuke gani a allo, ana rubuta MIT, ko Apache-2.0, ko GPL-3.0-only idan nau'i na uku kaɗai ake nufi, ko GPL-3.0-or-later idan an yarda da duk wanda zai biyo bayansa. Ke nan harshen da za a yi alamar da shi yana nan a shirye, gurbin rubutawa ne manyan kantuna ba su tanada ba.

Sai dai alama ba ta da daraja fiye da binciken da ke bayanta, kuma a nan ne aikin yake da wuya. Duk wanda ya taɓa juya ledar ruwa yana neman lambar NAFDAC ya san cewa buga lamba abu ne mai sauƙi, tabbatar da ita ce ke buƙatar hukuma. Idan kanti ya bar kowa ya cike gurbin da abin da ya ga dama, marasa gaskiya za su rubuta GPL don su ja hankalin jama'a, masu sakaci kuma su bar shi fayau, kamar yadda ake gani a kantin Snap na kwamfutoci masu Linux inda manhajoji da dama suke nuna ba a saka lasisi ba. Sannan manhaja ɗaya tana iya ƙunsar gutattsarin aikin mutane da yawa, kowane da nasa lasisin, wani ma a rufe. Telegram misali ne mai kyau na wata matsalar: manhajar da ke cikin wayarku tushenta a buɗe yake ƙarƙashin GPL, amma manyan kwamfutocin da saƙonninku suke bi ta cikinsu suna aiki da rufaffen tsari, don haka alamar da ta ce buɗaɗɗiya kawai ta faɗi rabin labari ne. Akwai kuma lasisin da ke barin a karanta tushe amma ya hana a yi kasuwanci da shi, wanda bai cika sharuɗɗan da ƙungiyar OSI mai tantance buɗaɗɗun lasisi take aiki da su tun kafuwarta a 1998 ba, kuma bai kamata a jera shi a sahu ɗaya da MIT ko GPL ba.

Alamar da za ta yi amfani, a nawa ra'ayin, ita ce wadda ta ɗauki sunan lasisi a tsarin SPDX, ta haɗa da mahaɗi zuwa ainihin tushen nau'in da ake saukewa a wannan rana, ta faɗi a fili idan akwai rufaffen ɓangare a ciki, kuma ta sanar da masu amfani duk ranar da lasisin ya sauya, kamar yadda waya take tambaya kafin ta bar manhaja ta taɓa kyamara. Hanya mafi ƙarfi ta tabbatarwa ita ce wani daban ya ɗauki tushen ya sarrafa shi ya samu fayil iri ɗaya sak da wanda ke kanti, kuma F-Droid yana yin hakan ga wani kaso na manhajojinsa.

Kafin Google da Apple su tanadi wannan gurbi, binciken yana hannunku. Ku gangara ƙasan shafin manhajar ku nemi adireshin mai ita, ku duba ko ya kai ku ga ma'ajiyar tushe irin GitHub ko GitLab ko Codeberg, ku buɗe fayil ɗin da aka sa wa suna LICENSE ko COPYING, sannan ku gwada sunan da ke kan ma'ajiyar da sunan wanda ya ɗora manhajar a kanti. Idan sunayen biyu sun saɓa, ku koma shafin masu asalin aikin ku bi mahaɗin saukewa da suka bayar da kansu.