Lambun Cikin Gida: Lokacin Shuka, Haɗin Ƙasa da Ban Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayenmu mata da ke wannan ɓangare, malamai, da matasan da suka tsaya daga baya, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi bayani a kan lambun cikin gida, wato ɗan abin da mutum zai shuka a tsakar gidansa ko a bayan ɗaki, a ƙasa ko a cikin buhu, domin ya rage kuɗin cefane. Abin da na lura da shi a gidajen da ake kira na in duba shukar da ta ƙi yin kyau shi ne, ba kasafai sakaci ke kashe ta ba. Galibi mai ita ya shuka ta ne a lokacin da ba nata ba, sannan saboda ɗoki ya cika ta da ruwa da taki har ta gaza.

Bari mu fara da lokaci, domin shi ne abin da kuɗi ba sa gyarawa. Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano ya ga yadda manoman Kura da Kadawa da Garun Malam, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, suke cika kasuwar Kwanar Gafan da kwandunan tumatir daga Janairu zuwa Maris, kuma ya ga yadda tumatirin ke yin tsada da zarar bazara ta kama har zuwa cikin damina. Dalili shi ne tumatir shukar sanyi ce a wurinmu. Idan zafin rana ya kai wajen digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, furen yakan bushe ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, ko da kuwa ganyen ya yi kore shar. Saboda haka wanda ke son tumatir a gida sai ya yi yayyafin iri a Satumba ko Oktoba, ya dasa bayan mako 3 zuwa 4, yadda fure zai zo daidai da hunturu. Haka latas da kabeji da karas da albasa suke, dukkansu 'yan hunturu ne. Wanda ya dasa tumatir a watan Maris, ya ga fure na zuba a Afrilu, ya ruga kasuwa neman magani, asarar kuɗinsa kawai zai yi, domin babu wata cuta a jikin shukar.

Wannan ba ya nufin lambu zai zauna haka nan a sauran watanni. Kuɓewa da alayyahu da rama da yakuwa da lalo suna son zafi, kuma suna jure damina. Ita kuɓewa ma hunturu ne ke tsumburar da ita. Alayyahu kuwa cikin mako 3 zuwa 4 ake fara yankarsa, kuma idan aka yanka daga sama aka bar gindin, zai sake tofowa. Ga wanda bai taɓa yin lambu ba, shawarata ita ce ya fara da waɗannan ganyaye, ya bar tumatir sai hannunsa ya faɗa, domin tumatir ya fi kowane kayan miya laulayi.

Kafin a cika buhu ko ɗaya, a duba inda rana ke faɗawa a gidan. Kayan miya masu 'ya'ya suna bukatar rana ta aƙalla awa 6 a yini, kuma ta safe ta fi ta yamma amfani. Gindin mangwaro ko darbejiya wurin hutawa ne, shukar da aka ajiye a nan za ta yi tsawo siririya ta ƙi yin fure. A gidajen da aka shafe tsakar gida da siminti kuma, kada a ɗora buhu kai tsaye a kan daɓen, domin da azahar simintin yakan ɗauki zafin da zai dafa saiwa. A sa bulo ko katako a ƙarƙashi, wanda kuma zai ba rarar ruwa hanyar fita.

Yanzu sai ƙasa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Buhun shinkafa ko na taki mai cin kilo 50 ya wadatar da gindin tumatir ko attaruhu guda ɗaya, in an matsa biyu. A naɗe bakinsa, a huda ƙasansa da gefensa na ƙasa wurare da dama. Abin da za a zuba a ciki shi ne kashi biyu na ƙasar sama ta gona, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa idan ƙasar mai laka ce. Idan kuwa jigawa ce, ba ta bukatar yashi, taki za a ƙara mata domin ta riƙe ruwa. Ƙasar da aka haƙo daga ramin masai ko tushen gini, wadda magina ke bari a ƙofar gida, ba ta da abincin shuka, kuma idan ta sha ruwa ta bushe takan ƙame ta hana saiwa numfashi.

Na ce ruɓaɓɓen taki, kuma ina roƙon a riƙe wannan. Ɗanyen kashin kaji ya fi kowane takin gida ƙarfi, kuma idan aka zuba shi a gindin ƙaramar shuka, cikin 'yan kwanaki za a ga gefen ganyen ya ƙone kamar an kai masa wuta, domin gishirin da ke cikinsa da zafin ruɓewarsa suna cin saiwa. Ɗanyen kashin shanu bai kai shi zafi ba, amma yana zuwa da irin ciyawa, yana kuma janyo gara. Yadda ake yi shi ne a tara takin a wuri mai inuwa, a haɗa da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, a yayyafa ruwa ya jiƙa ba tare da ya yi caɓi ba, a rufe da tsohon buhu, a riƙa juyawa duk bayan mako 2. Bayan wata 2 zuwa 3, a cusa hannu cikin tsakiyar tarin. Idan an ji ɗumi, ko wari ya bugi hanci, bai nuna ba. Idan ya yi baƙi, yana marmashewa a tafin hannu, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, to ya isa a kai shi buhu.

Game da reno da dashe, kuskuren da aka fi yi shi ne binne iri da zurfi da kuma yayyafa shi a cunkushe. Irin tumatir da na attaruhu ƙanana ne, abin da ya wuce zurfin rabin gaɓar yatsa ya yi musu yawa. A rufe wurin renon da busasshiyar ciyawa har su tsiro, sannan a ɗage ciyawar nan da nan, in ba haka ba za su fito farare masu dogon wuya. Idan suka yi ganye na gaskiya 4 ko 5, a shayar da su sosai, a cire kowanne da ƙasar jikinsa, a dasa da yamma bayan la'asar domin su kwana cikin sanyi kafin rana ta same su. Attaruhu da tattasai sun fi tumatir jinkiri, sukan kai mako 5 zuwa 6 a wurin reno. Kuɓewa da karas kuwa ba sa son dashe, inda za su zauna nan ake shuka su. A kuma tanadi raga ko tsohon gidan sauro, domin kaji da ƙadangaru suna iya share wurin reno a wuni guda.

Ban ruwa shi ne inda iyayenmu mata suka fi yi wa shuka illa, kuma da kyakkyawar niyya. Uwar gida ta ba ta da safe, yarinya ta dawo daga makaranta ta ƙara, maigida ya zuba sauran ruwan buta da magariba. Saiwa tana shaƙar iska kamar yadda take shan ruwa, kuma idan ƙasa ta zauna a jiƙe kullum sai ta ruɓe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe takan yi yaushi daidai da wadda ƙishirwa ta kama, sai a ƙara mata ruwa, a ƙarasa ta. Ma'aunin yana hannun kowa: a cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, idan an ji danshi a bari, idan ta bushe a ba ta har sai ruwa ya fara ɗiga ta hujin ƙasa. A cikin hunturu wannan na iya zama sau ɗaya a yini ko bayan kwana biyu, a bazara kuwa buhu na iya neman safe da yamma. A zuba a gindi, kada a wanke ganye, musamman da yamma, domin ganyen da ya kwana a jiƙe shi cutar funfuna ke kamawa.

Akasin haka ma yana da nasa sakamakon. Kun sha ganin tumatir ya ƙulla da kyau, sai ƙasan ɗan ya yi baƙi ya lotsa. Mutane suna ɗauka tsutsa ce. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ga ɗan ba, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne a bar shuka ta bushe yau, gobe a cika ta da ruwa. Maganinsa daidaita ban ruwa, da shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntu a saman buhun domin danshi ya daɗe. Wanda ke shuka a ƙasa yana iya binne ƙaramin tulu har wuya a tsakanin shuke-shuken, ya cika shi ya rufe bakin, ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai bukatar saiwa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa a nisanta shi da buhu, domin gishirinsa yana taruwa a ƙasar.

Takin zamani ba dole ba ne idan takin gargajiya ya wadata, amma ga mai so, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15 ya ishi gindi guda, mako 2 bayan dashe, a sake idan fure ya fara. A binne shi nesa da kara da kamar faɗin yatsu huɗu, a bi da ruwa. Yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ganye take ƙarawa, don haka ta dace da alayyahu, amma idan ta yi wa tumatir yawa zai yi duhu ya ƙi haihuwa. Tokar murhu kaɗan tana da amfani, sai dai kada a haɗa ta da yuriya a lokaci guda, domin takan sa ƙarfin takin ya tashi a iska.

Sai ƙwari. Da yawa a nan suna tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka, kuma har yau tana nan tare da mu. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ta ci daga ciki, ta bar wani farin tabo mai shara-shara, wanda idan aka ɗaga shi a rana za a hango ta tare da baƙin kashinta. Tunda tana ɓoye a cikin ganyen, feshi ba ya cika samun ta. A nan mai buhu goma ya fi mai eka goma dama, domin yana iya duba kowane ganye da safe, ya tsinke wanda ya kamu, ya ƙona ko ya binne shi da zurfi. A riƙa juya bayan ganye kuma, nan ne farin ƙuda da darɓa suke zama. Farin ƙuda shi ke yaɗa cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya tsumbure, kuma shukar da ta kamu da ita ba ta warkewa, tuge ta ake yi tun ba ta shafi na kusa ba.

Domin rage waɗannan ƙwari, a daka busassun 'ya'yan darbejiya kimanin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki domin ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye, a maimaita duk mako. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwarin ci da hayayyafa ne, saboda haka sai an yi haƙuri. Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne fesa maganin sauro ko irin su ota-fiya-fiya a kan ganyen da za a yanka gobe a sa a miya, a gidan da yara ke wasa kusa da buhunan. Wanda dole ta sa ya sayi maganin gona, ya karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin a tsinki amfanin, ya kuma cika su.

Akwai wata cutar da ba a gani sai an tuge shuka: saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, shukar kuma tana yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi. Wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, kuma suna zama a cikin ƙasar. Don haka kada a maimaita tumatir a buhun da aka cire tumatir, kuma attaruhu da tattasai da gauta duk dangi ɗaya ne da shi, kuɓewa ma tana kamuwa. A bi da albasa ko masara, ko kuma a zazzage ƙasar a jiƙa ta, a rufe da farar leda a bar ta cikin zafin Afrilu mako 4 zuwa 6.

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a takarda, tana cewa ta matse irin wani tumatir mai kyau da ta saya a kasuwa, ta shuka, amma abin da ya fito bai yi kama da shi ba. Hajiya, mai yiwuwa tumatirin nan irin aure ne, wanda ake rubuta F1 a jikin ledarsa, kuma 'ya'yan irin wannan ba sa gado uwarsu daidai, dole sai an sayi sabo kowace shekara. Idan kina son irin da za ki riƙa ajiyewa, ki nemi Roma VF ko UC82B a wurin masu sayar da iri. Ki zaɓi ɗan da ya nuna sosai a jikin shuka mafi lafiya, ki matse shi a kofi, ki bar shi kwana 2 zuwa 3 har ya yi kumfa, ki wanke, ki zubar da wanda ya taso sama, ki shanya na ƙasan a inuwa. Idan ya bushe ƙayau ki zuba a kwalba da ɗan toka, ki rufe, ki ajiye a wuri mai sanyi nesa da murhu. Kafin lokacin yayyafi ki ɗauki ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle na mako guda, idan 7 ko 8 sun tsiro irin yana da rai. Irin albasa kuwa ba ya son ajiya, da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, shi kam ki riƙa sabunta shi kowace kaka. An nuna mini cewa lokacin sallah ya gabato, sauran tambayoyin za mu ɗauke su bayan an idar.