Kafin ka karɓi makullin gidanka na farko

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da ƙawarmu ta tare a gidanta, maganar sayen gida ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Nura, me ake ta tambayarka?

Nura: Takardu, Yaya Binta. Kowa takardu.

Binta: Ai su ne farko. Sunan da ke kan takarda, na mai sayar maka ne? In gidan gado ne, duk magada sun sa hannu? Mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, sai kotu. Sannan a je ofishin rajistar filaye a bincika ko an jinginar da gidan a banki. Kuma ka ɗauki lauyanka, ba wanda dillali ya kawo maka ba, don dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa.

Sadiya: Wasu kuma rancen banki suke tunanin ci.

Binta: To su zauna su yi lissafi. Rance mai kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, a biya shi wata-wata cikin shekara 20, abin da za ka biya gaba ɗaya ya haura ninki biyu na abin da ka karɓa. Ban da kuɗin lauya, da na sauya suna a takarda, da gyara. Amma ni abin da ya fi damuna, mutane suna zuwa duba gida sau ɗaya, da rana tsaka, dillali na gaba suna biye.

Nura: To yaushe za a je?

Binta: Bayan an ɗauke ruwan sama. Ka ga ina ruwan layin yake bi, ko ƙofar gidan ce matattararsa. Ka shiga ɗaki ka ɗaga kai, in silin yana da tabo ruwan ƙasa-ƙasa, rufi na yoyo. Ka duƙa ka dubi gindin bango. In fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar gishiri, danshi ne yake hawowa daga ƙasa, fenti ba ya maganinsa. In ka ga bango ɗaya kaɗai aka yi wa sabon fenti, ka tambayi dalili.

Sadiya: Tsagewar bango fa? Ni ita ke ba ni tsoro.

Binta: Ba duka ba. Siririya a jikin filasta sau da yawa ba komai ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, kuma tana ƙara buɗewa, wannan a kira injiniya ya duba harsashin ginin. Ka buɗe famfo, ka kunna kowace fitila, ka ja ruwan banɗaki. Sannan ka dawo da dare.

Nura: Da dare kuma?

Binta: Da dare ake sanin unguwa. Akwai haske a layin? Wa ke zama a bakin hanya? Wace ƙara ke tashi?

Sadiya: Ai da asuba ma ya kamata, saboda zakaran maƙwabta.

Nura: Kai, zakaran nan na maƙwabcin ƙawarmu!

Sadiya: Ƙarfe uku na dare yake farawa, wallahi.

Nura: A kan katangarta yake hawa, daidai tagar ɗakinta.

Sadiya: Ta ce har ta yi tunanin ta saye shi.

Nura: A sa shi cikin takardar ciniki kawai, gida da zakaransa.

Binta: Kun san mai zakaran ne ya riƙe mata tsani ranar da ake gyara mata wayar wuta? Yanzu yaransa a gidanta suke wuni. Abin da nake so a ji ke nan. Bango kana iya rushe shi ka sake, maƙwabci kuwa ba ka da yadda za ka yi da shi. Tun kafin ka biya, ka ƙwanƙwasa ƙofa biyu ko uku ka gaisa, ka tambaye su ruwa, wuta, tsaro. Mai sayarwa zai ɓoye, su ba su da dalilin ɓoyewa. In ka tare kuma, kai ne baƙo, kai za ka fara zuwa gaisuwa. Kar ka jira sai ranar da motar wani ta tare maka ƙofa.

Nura: A kuma sauya kwaɗo ranar farko, ba ka san mutum nawa ke riƙe da tsohon makulli ba.

Sadiya: Yaya Binta, mun ce za mu yi maganar yara da sauya makaranta.

Binta: Lokaci ya tafi, Sadiya. A taƙaice, a bi hanyar makarantar da safe a ga yadda cunkoso yake kafin a yanke shawara. Sauran sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku.