Janar Benjamin Davis, matuƙin da ya hana yaransa farautar suna

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin sharhi.

A aikin sojan sama, abin da ke ɗaga sunan matuƙin jirgin yaƙi shi ne yawan jiragen abokan gaba da ya kakkaɓo. Wanda ya harbo biyar ya shiga sahun gwanaye, jaridu su buga hotonsa, a zana alamar kowane jirgi da ya kayar a jikin nasa jirgin. To, a shekarar 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, a wani sansani da ake kira Ramitelli a gaɓar tekun gabashin Italiya, wani kanar ɗan shekara 31 ya tara matuƙansa ya ba su umarnin da ya ƙuntata musu wannan hanya. An ɗora musu aikin raka manyan jiragen Amurka masu jefa bama-bamai zuwa cikin Jamus da Ostiriya da Romaniya. Sai ya ce musu kowa ya tsaya kusa da jiragen da aka ba shi amana, wanda kuwa ya bar su ya bi jirgin Jamus don neman suna, ya kuka da kansa.

Sunan wannan kanar Benjamin Davis ƙarami. Shi da matuƙansa duk baƙaƙen fata ne, su ne waɗanda tarihi ya sani da matuƙan Tuskegee. A kan wannan umarni nasa nake son mu tsaya yau, domin a ganina nan ne ake gane bambancin gwanin matuƙi da shugaban matuƙa.

Kafin mu je can, bari mu ga inda ya koyi danne zuciya. An haife shi a birnin Washington ranar 18 ga Disamba, 1912. Mahaifinsa soja ne, shi ne ma baƙar fata na farko da ya zama janar a sojan ƙasa na Amurka a 1940. A 1932 yaron ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta West Point, da goyon bayan Oscar De Priest, baƙar fata ɗaya tilo a majalisar dokokin ƙasar a lokacin. Yana shiga, 'yan uwansa ɗalibai suka mai da shi saniyar ware. Ba wanda ya yarda ya kwana ɗaki ɗaya da shi, ba mai yi masa magana sai ta aiki, abinci ma haka yake ci babu mai tanka masa. Masu sauraro, ku auna wannan a ranku. Mu da ba ma iya wuce mutum a hanya ba sallama, mu da gaba ta kwana uku ke damunmu, a ce matashi ya shekara huɗu cur cikin ɗaruruwan mutane babu mai ce masa ina kwana. Manufarsu ya gaji ya tattara kayansa. Bai tafi ba. A 1936 ya kammala, ya zo na 35 cikin mutum 276. Rabon da baƙar fata ya gama wannan makaranta tun 1889.

Da wannan sakamako ya nemi shiga sashen jiragen sama, burinsa tun yana ɗan shekara 13 da aka taɓa ɗaukarsa a jirgi aka zaga da shi. Aka ce babu gurbin baƙar fata. Hukumar soja a zamanin tana riƙe da wani rahoto da kwalejin yaƙinta ta fitar a 1925, wanda ya yi iƙirarin cewa baƙar fata ba shi da basira ko ƙarfin halin da yaƙi ke bukata. Aka tura shi rundunar sojan ƙasa ta baƙaƙe a barikin Fort Benning, inda aka hana shi shiga wurin shaƙatawar hafsoshi alhali yana sanye da anininsa. Sai da shigar Amurka yaƙin duniya na biyu ta ƙarato, ƙungiyoyin baƙaƙen fata da jaridunsu suka matsa wa gwamnatin Shugaba Roosevelt lamba, sannan aka buɗe makarantar tuƙi a Tuskegee, jihar Alabama, a 1941. Mutum 13 suka fara, biyar suka gama a watan Maris na 1942, Davis yana cikinsu.

Aka ba shi tawaga ta 99, suka sauka Arewacin Afirka a 1943, suka fara kai farmaki daga Tunisiya kan tsibirin Pantelleria da jiragen P-40. Ba a yi wata huɗu ba sai ga ƙara. Kanar William Momyer, wanda tawagar ke ƙarƙashinsa, ya rubuta rahoto cewa matuƙan ba su da zafin nama, ba su da tsari a sama, ya kamata a janye su daga fagen daga. Manyan janar-janar suka sa hannu, maganar har ta fito a mujallar Time. Davis, wanda a lokacin ya koma gida don karɓar babbar runduna ta 332, ya tsaya gaban kwamitin ma'aikatar yaƙi ya amsa. Bai ɗaga murya ba. Ya bayyana cewa an tura yaransa ba tare da tsofaffin hannu da za su koya daga gare su ba, kuma saboda ƙarancin masu canji suna tashi sau da yawa fiye da takwarorinsu, sannan irin aikin da ake ba su ba ya haɗa su da jiragen Jamus balle su harbo. Janar George Marshall, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, ya sa a bincika. Kafin binciken ya kammala, a ƙarshen Janairun 1944, tawagar ta 99 ta kakkaɓo aƙalla jiragen Jamus 12 cikin kwana biyu a sararin Anzio da ke Italiya. Da sakamakon ya fito, ya nuna aikinsu bai gaza na sauran tawagogin da ke tuƙa irin jirginsu ba.

Da wannan tabo a zuciya ya isa Ramitelli. Yanzu ku duba halin da yake ciki. An zargi mutanensa da tsoro, kuma hanya mafi sauƙi ta wanke su ita ce ya sake su su tara adadin jiragen da suka harbo. Matasa ne masu jini a jika, an ba su P-51 Mustang, ɗaya daga cikin jiragen yaƙi mafi inganci a zamanin, sun shafa wa wutsiyoyinsu jan fenti don kowa ya shaida su daga nesa. Amma Davis ya san dabarar Jamusawa: wasu jirage su ɓullo su ja masu rakiya gefe, wasu su faɗa wa manyan jiragen da aka bari ba kariya. Kowane babban jirgi samfurin B-17 ko B-24 yana ɗauke da mutum kusan 10. Kuma dukkansu fararen fata ne, wasunsu daga garuruwan da Davis ba zai iya zama ya sha shayi a kanti ɗaya da su ba. Ya zaɓi ran waɗannan mutane a kan sunan yaransa, ya kuma san cewa ranar da aka yi babbar asara a hannunsu, ba za a ce kuskuren kanar ɗaya ba ne, za a ce baƙar fata ne ba su iya ba.

Ba daga ofis yake ba da umarnin ba. Shi kansa ya fita farmaki sau 60. Lambar yabon da ya samu kan rakiyar da ya jagoranta zuwa yankin Munich a watan Yunin 1944, mahaifinsa ne ya zo har sansanin ya maƙala masa a ƙirji. Ranar 24 ga Maris, 1945, rundunarsa ta raka jirage har Barlin, tafiyar sama da kilomita 2,500 zuwa da dawowa, suka harbo sababbin jiragen Jamus uku samfurin Me 262, waɗanda suka fi nasu gudu nesa ba kusa ba.

A nan akwai gyaran da ya zama dole in yi, ko da ba zai yi wa masoyansu daɗi ba. Shekaru da dama ana yaɗa cewa masu jar wutsiya ba su taɓa rasa jirgi ko ɗaya da suka raka ba. Ba haka ba ne. Masana tarihin rundunar saman Amurka da suka bi takardun yaƙin sun gano jirage 27 da abokan gaba suka harbo a ƙarƙashin rakiyarsu. Amma matsakaicin abin da sauran rundunonin rakiya na wannan yanki suka rasa ya kai 46. Ni dai wannan lissafi ya fi ratsa ni fiye da tatsuniyar. Mutane ne da suka yi yaƙi na gaske, aka kashe wasunsu, aka kama wasu, suka yi asara kamar kowa, duk da haka suka dawo da 'ya'yan mutane gida fiye da takwarorinsu. Sun kuma harbo jirage 112 a sama. Ba sa bukatar a yi musu ƙari.

Kada kuma a ɗauka haƙurin Davis kaɗai ya rusa wariya. A watan Afrilun 1945, a sansanin Freeman da ke Indiana, hafsoshi baƙaƙen fata na wata runduna daban sun kutsa wurin shaƙatawar da aka keɓe wa farare, aka tsare fiye da 100 daga cikinsu. Wannan hanya ba irin tasa ba ce, amma ita ta tilasta aka cire kwamandansu aka miƙa wa Davis rundunar. Masu buga ƙofa sun yi nasu, shi kuma ya ajiye hujjar da ba mai iya musantawa. Lokacin da Shugaba Truman ya sa hannu a dokar kawar da wariya a aikin soja ranar 26 ga Yuli, 1948, Davis yana cikin waɗanda suka tsara yadda sojan sama zai aiwatar, kuma su suka riga sauran rundunoni.

Daga nan sai hawa. Ya jagoranci rundunar jiragen F-86 a Koriya a 1953, ya zama birgediya janar a 1954, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a sojan saman ƙasar. Ya yi aiki a Taiwan da Jamus, ya zama laftanar janar a 1965, ya riƙe runduna ta 13 daga sansanin Clark a Filifin, yana ba da umarni ga dubban sojoji farare da baƙaƙe. Ya ajiye kaki a 1970 da anini uku, daga baya gwamnati ta kira shi ya tsara matakan hana fashin jiragen fasinja.

Anini na huɗu bai zo ba sai ranar 9 ga Disamba, 1998, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya maƙala masa, yana gab da cika shekara 86, shekara 28 bayan ritaya. Wannan jinkiri yana yi mini ciwo, domin girma ne da ya kamata ya same shi yana da ƙarfin yin aiki da shi. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 2002, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

A 2017 makarantar West Point ta buɗe wani sabon ginin kwanan ɗalibai, ta sa masa suna Barikin Davis. Ɗaruruwan matasa ne ke kwana a cikinsa yanzu, farare da baƙaƙe, maza da mata, kowa da abokin ɗakinsa.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. A huta lafiya.