Yadda ake juya tarakta a bakin gona

Jama'ar Damagaram, barkanmu da damina. Wannan gonar da kuke gani a hanyar Mirriya take, jiya ta sha ruwa, ƙasa ta yi laushi. Direba, dakata tukuna, kada ka sauke garma.

Fara da zagaya gonar a ƙafa. Bi ta tsawonta za ka yi, don juyi ya yi kaɗan, gazuwal, wato man tarakta, ya yi auki. Amma in akwai gangare, gicciye shi, in ba haka ba ruwan watan Agusta kwarin huɗar zai bi ya kwashe ƙasa. A kowane kai na gonar bar fili kamar ninki biyu na tsawon tarakta da garmarta, ka ja layi marar zurfi. Nan ne majuyarka.

Garma mai faifai irin wadda muka saba gani, dama kaɗai take zubar da ƙasa. Shi ya sa hanya biyu ce. Ko ka soma daga tsakiya kana juyawa dama, ƙasa ta haɗu ta yi tudu a tsakiyar gona. Ko ka soma daga gefe kana juyawa hagu, ka ƙare a tsakiya da kwari buɗe. In bana ka yi ta farko, baɗi yi ta biyu. Na ga gonar da aka shekara biyar ana yi mata ta biyun kaɗai, tsakiyarta ta zama kamar ƙorama, hatsi ya ƙi tsayawa a wurin. Abin ya ba ni takaici, don mai gonar kuɗinsa ya biya.

To, ku dubi juyin da kyau. Tayoyin gaba sun ƙetare layi, ya rage wuta. Garma ta iso layi, ya ɗaga ta sama gaba ɗaya, sannan ya karya sitiyari. Wanda ya juya da garma a cikin ƙasa, hannuwan ƙarfen da ke riƙe da ita yake lanƙwasawa. In ka kulle tayoyin baya su riƙa juyawa tare don yashi, saki kullin kafin ka sha kwana. Fili ya yi ƙunci? Tarakta birki biyu gare ta, na hagu da na dama: taka na ɓangaren da za ka juya, a hankali, ko ka ja da baya sau ɗaya. Da ka dawo, tayar dama ta faɗa kwarin da ka bari. In za ka hau kwalta, haɗe birkin biyu.

Ƙasarmu ta jigawa ba ta son zurfi, santimita 10 zuwa 15 ya isa, kuma kada a huɗa ta a bushe, iska za ta ɗauke.

Ga kuma gawo. Daga Matamaye har Magariya manoma sun sha wahalar renon waɗannan itatuwa. Ɗaga garma ka ba shi hanya, musamman ƙananan da ba su kai gwiwa ba. Wurin da ka tsallake, hauya ta ƙarasa.

Majuya ita ce ta ƙarshe. Tayoyi sun danne ta, sai ka zagaye ta da garma, ka fita ta inda ka shigo.