Fodkas ɗin Bakin Ruwa: Jirgin wa ke fitar da kifin Darak?

Halima: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga Kusiri, a arewacin Kamaru. Ni ce Halima, ga Malam Isuhu, ga kuma Baba Audu da ya yi ƙuruciyarsa yana su a tsibiran Tafkin Chadi. Yau zancen tattalin arzikin haɗin kai za mu yi, wato adashi, gayya da ƙungiyoyin gama kai. Kamaru ta yi masa doka a 2019, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa a 2023. Baba, me ya isa tsibiri daga ciki?

Baba Audu: 'Yata, bari in fara miki daga jirgi. A tsibirin Darak, idan ba ka da jari, ubangida ne zai ba ka ragar kalli, ya ba ka tarkon gura, ya ba ka garin tuwo, duk bashi. Ranar da ka fito da kifi, shi kaɗai za ka sayar wa, a kuɗin da ya yanka. Ba ka da ta cewa, don jirgin inji nasa ne, kai kuwa ruwa ya kewaye ka.

Malam Isuhu: Kifi kuma ba ya jira.

Baba Audu: Ko banda ba ta jira, Malam. Mata za su yanka tarwaɗa, su lanƙwasa ta, su jera a kan waya, su kwana suna iza wuta har idonsu ya yi ja. A zuba a kwali, a ɗaure. To in jirgi ya yi jinkiri, ƙwaro ya shiga. Ka buɗe kwali ka ga rabi ya zama gari. Na taɓa zubar da kwali uku da hannuna, bashin kuma yana nan a wuyana.

Malam Isuhu: Ga wanda bai san wurin ba, a shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka ja ruwan baya, masunta suka bi shi, suka kafa garuruwa a inda ƙasa ta fito. Hausawa, Barebari, Shuwa, Kotoko, Musgum, har mutanen Mali. Darak ɗin ma, da Kamaru da Najeriya suka yi jayayya a kanta, sai da kotun duniya ta tabbatar wa Kamaru da ita a 2002. Kifin kuwa garin Baga na Najeriya yake bi zuwa Maiduguri. Da rikicin Boko Haram ya toshe wannan hanya, jari ya narke, kuma wanda kuke adashi tare jiya, yau yana sansanin gudun hijira.

Halima: Amma adashin bai mutu ba. Gwaggona mai banda ce. Su goma sha biyu suke zubi duk mako, kuma wadda ta kwasa ba zane take saye ba, itace da gishiri take saye. Daga baya suka ce me zai hana su haɗa kwalayensu wuri ɗaya, su yi ciniki da mai jirgi da baki ɗaya zuwa garin Bulanguwa da ke tudu? Ranar suka fara ganin mai jirgi ya rage kuɗi.

Baba Audu: To kin gani. Wannan shi ne abin da ba a tambaye mu ba. Wasu masu tallafi sun zo mana, suka ce mu kafa ƙungiya cikin mako guda, aka rubuta sunaye, aka kawo mana firji. Tsibirin da babu wuta! Da an zauna da mu, inji ɗaya da jirgi ɗaya na kowa da kowa za mu ce. Har yau abin yana ci mini rai.

Malam Isuhu: Na yarda, Baba, amma kada mu raina takarda. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba za ta buɗe asusu ba, ba za ta karɓi rance ba. Tun 1992 Kamaru ke da tsarin GIC, wato rajistar ƙananan ƙungiyoyin haɗin gwiwa, ga kuma dokar OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, ta 2010 kan ƙungiyoyin gama kai, wadda ta shafi Kamaru da Chadi duka.

Baba Audu: Takardar da Faransanci take, Malam, ofishin kuma yana tudu. Kuɗin jirgi, kuɗin mota, kuɗin kwana, wa zai biya? A kawo mai rajistar kasuwar tsibiri ranar da take ci, ka ga ko ba za a yi layi ba.

Halima: Akwai abin da gwaggo ta ce mini da ya tsaya mini a rai. Ta ce ubangidan nan da muke kuka da shi, shi ne wanda za ka buga wa ƙofa tsakar dare in matarka na naƙuda, ya tada inji ya kai ta asibiti. Ƙungiyar da ba ta ware kuɗin irin wannan dare ba, mutanenta za su koma gidansa.

Baba Audu: Gaskiya ta faɗa. Ni ma haka na koma, lokacin da ɗana ya kwanta da zazzaɓi.

Halima: Allah sarki. Masu sauraronmu na Bol, Baga Sola da Kinasarom, ku turo mana saƙon murya ta WhatsApp: nawa kuke biya a fitar muku da kwali ɗaya zuwa tudu, kuma jirgin na wane ne? Mako mai zuwa za mu saka muryoyinku.